Auduga Ba Ta Yi Dala Ba

Da wuya a sami ɗan makaranta a ƙasar nan da bai san hoton dalar gyada ta Kano ba. Dalar ta ɓace tun shekarun 1970, filayenta sun zama gidaje da rumfuna, amma hoton yana nan, har bayan takardar naira 200 akwai mai kama da ita. Ita kuwa auduga, wadda ta raya kudancin Katsina kamar yadda gyada ta raya Kano, ba ta yi dala ba. Ana zube ta a fuloti da hantsi, a auna, a danna a buhuna, kafin a jima mota ta kwashe. Iyakar karramawar da na san an yi mata ita ce zana reshenta a bayan toro, kwabo ukun nan na 1959, shi ma yau sai a hannun masu tara tsofaffin kuɗi. Saboda haka idan aka ce wa matashi ya rufe ido ya kawo surar zamanin auduga a zuciyarsa, babu abin da zai gani.

Wannan giɓi ne ya sa nake amfani da hutun jami'a ina yawo da kyamara a Funtuwa da ƙasashen da ke kewaye da ita. Ni ba gwanin hoto ba ne, malamin makaranta ne kawai da ya ga abu yana zubewa a gabansa.

Funtuwa gari ne da ƙarfe ya haifa. Tsohuwar cibiyar wannan ƙasa Maska ce, garin masaƙa da marina tun kafin Jihadi, shi ya sa har yau hakimin Funtuwa Sarkin Maska ake kiransa. Abin da ya janye nauyi daga Maska zuwa Funtuwa shi ne hanyar mota da layin dogo da ya taso daga Zariya ya nufi Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Turawa ba don son mutanen wannan yanki su yi zumunci suka shimfiɗa shi ba. Masaƙun Lankasha a Ingila ne suke jin yunwar auduga, suna kuma tsoron dogaro da Amurka ita kaɗai. Tun a 1902 'yan kasuwar Mancesta suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila, wato BCGA, wadda bakin Bahaushe ya mayar Bisije. Ita ta kakkafa gidajen gurza a bakin dogo, ɗaya daga cikinsu a Funtuwa, kuma har gobe akwai unguwar da ke amsa wannan suna a garin, ko da yake yaran da aka haifa a cikinta ba su san abin da haruffan suke nufi ba.

Mai son ɗaukar hoton Funtuwa daga tashar jirgin ƙasa ya kamata ya fara, kuma da sassafe, lokacin hunturu, kafin hazo ya yi kauri ya shanye inuwa. A irin wannan haske ne ake ganin yadda aka tsara wurin: dogo ya rabu gida-gida domin a keɓe taragai a yi lodi, sito yana fuskantar layi, hanya tana fitowa daga wajen gidan gurza. Kome an aza shi ne domin dilar auduga ta yi tafiya mafi gajarta daga injin zuwa tarago. An daɗe rabon da jirgi ya yi zirga-zirga a kai a kai a wannan layi. Ciyawa ta rufe wasu sassa, awaki suna kiwo tsakanin ƙarafa, mata suna shanya a inda leburori suke jibge kaya. Hoton yana da kyau, kuma kyawunsa ne abin tsoro. Tsatsa da ciyawa da hasken safiya suna haɗuwa su ba da sura mai daɗin kallo, har mai kallo ya manta cewa abincin dubban gidaje ne ya tsaya a nan. Na lura duk hoton da na ɗauka babu mutum a ciki ya fi samun yabo wurin abokaina, ni kuwa shi ne na fi zargi.

Akwai kuma gaggawa. Tsohon ƙarfe yana da kasuwa, 'yan gwangwan ba sa barci. Abin da mutum ya ɗauka bana, kusa ko allo ko murfin wani inji, in ya dawo baɗi sai ya tarar da gurbinsa. A sassa da dama na Arewa an sha kama motoci maƙare da ƙarafan dogo da aka yanke. Ginin ƙasa ruwan sama ne ke cinye shi a hankali, har ya ba mutum shekaru ya yi shawara. Na ƙarfe dare ɗaya ya ishe shi.

Daga tasha sai gidajen gurza. Wanda bai taɓa shiga ba yana zaton wuri ne mai tsabta saboda farin auduga. Ƙura ce da ƙara. Injin yana fizgar auduga ta cikin haƙoran zarto, ya raba ta da angurya, farar ta wuce wajen matsi a ɗaure ta dila-dila, anguryar kuma ta gangara gefe, a kai wa masu tatsar mai da masu kiwo. Kakanninmu mata da magurji da ɗan ƙarfe suke wannan aiki a tsakar gida, su yi shiɓa, su yi kaɗi da mazari, su kai abawa kasuwa. Abin da mace take yi a mako injin yake yi kafin a ƙifta ido, kuma da zuwansa ne audugar da take zuwa hannun masaƙan Maska ta koma hawa jirgi. Wannan ma wani rashi ne da ya riga kyamara zuwa. Aikin gurza na lokaci ne, daga bayan kaka zuwa tsakiyar rani. Wanda ya zo da damina zai tarar da ƙofa a rufe ya ɗauka wurin ya mutu, alhali barci yake yi. Wanda kuma ya zo a kan kari zai ga farin gashin auduga ya maƙale a waya da rassan itatuwa da gemun ma'aikata, kamar garin ya yi furfura. Sai dai duk wanda ka tambaya a cikinsu zai ce maka kwanakin aikin sun ragu ƙwarai, domin audugar da ke shigowa ba ta kai ta dā ba.

Masaƙar Funtuwa, wadda aka kafa a ƙarshen shekarun 1970 lokacin garin yana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, tana cikin 'yan ƙalilan da suka yi taurin rai. Wanda ya san Kakuri ya san ma'anar wannan magana. Masaƙar KTL ta Kaduna, da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007, unguwar da jiniya take tayar da ita ta yi tsit. Dalilan kowa ya san su: wutar lantarki, tsadar baƙin mai, atamfar da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya, da rushe hukumar cinikin auduga a 1986 ba tare da an aza wani abu a gurbinta ba. A bakin ƙofar masaƙa, hoton da ya fi kowane faɗin gaskiya shi ne na lokacin canjin aiki. Yawan kekuna da babura, da yawan masu tallar abinci da ke jiran fitowar ma'aikata, sun fi rahoton kowane akawu nuna lafiyar kamfani. Wani dattijo da ya yi ƙuruciyarsa a ɗakin saƙa ya nuna mini da hannu inda layin masu tuwo da masu kunu yake kaiwa a zamaninsu. Na ɗauki hoton hannun nasa a miƙe, da filin da yake nunawa. Shi ne hoton da na fi so cikin duk abin da na tara, ko da yake in ba a yi wa mutum bayani ba, tsoho kawai zai gani yana nuna fili.

Cikin gari kuwa labari ne na baƙi. Sabon Gari da Tudun Wada da Jabiri da Maƙera, kowace unguwa da irin mutanen da auduga da jirgi da mota suka jawo: Yarabawa masu shaguna da ɗinki, Ibo masu kayan gyaran mota, Nufawa, Zazzagawa, Gobirawa, Zamfarawa. A nan Alhaji Mamman Shata ya kafa gidansa, har ya riƙe shugabancin jam'iyyar SDP a ƙaramar hukumar. Tsofaffin kantuna masu baranda da ginshiƙai suna nan jefi-jefi, an lulluɓe fuskokinsu da allunan masu sayar da waya. Sai mutum ya ɗaga kai sama da allon ya ga tsohon gini yana leƙowa. A 2024 aka buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a garin, abin da ke nuna cewa dalilin da ya sa aka zaɓi Funtuwa tun farko, wato zamanta mararrabar Zariya da Sakkwato da Katsina da Birnin Gwari, bai gushe ba. Ita ma na ɗauke ta, domin sabon yau shi ne kangon da jikokinmu za su nema.

Sai dai duk wanda ya tsaya a Funtuwa ya ce ya ɗauki hoton garin masana'antu, rabin hoto ya ɗauka. Injin gurza ba ya noma. Saiwar Funtuwa tana Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa da Ɗandume da Bakori, a baƙar ƙasar laka mai riƙe ruwa da auduga take so. Can ne ya kamata kyamara ta fi daɗewa, can ne kuma ta fi shan wuyar zuwa.

A ɗauki Daudawa, a ƙasar Faskari. Tun shekarun 1920 Turawa suka kafa gonar yaɗa irin auduga a can, inda ake ninka irin Allen da aka samo asalinsa daga Amurka, a raba wa manoman lardi kyauta. Daga baya masu bincike na Samaru suka ci gaba da fitar da sababbin iri. Aka kuma zaunar da manoma a wurin, aka koya musu huɗa da shanu. Ke nan garmar shanu da ta zama ruwan dare a kudancin Katsina tana da tarihi a wannan ƙauye. Tare da irin kyauta akwai doka: malamin gona yana zagawa, bayan tsinka dole a tuge karan auduga a ƙone domin kashe tsutsa, kuma ba a sayarwa sai a fulotin hukuma, inda ake ware lamba ɗaya da lamba biyu, a biya farashin da aka yanke tun daga sama. Tsofaffi suna tuna wannan zamani da baki biyu. Suna yabon tabbacin kasuwa, da kuɗin da ke zuwa a dunƙule a yi aure a sayi keke a biya haraji. Suna kuma tuna ma'aunin da ke danne sikeli, da malamin da ke mayar da lamba ɗaya lamba biyu sai an ga bayan hannunsa. Wurin da yake da irin wannan nauyi a tarihin noman ƙasar nan ya cancanci a ce kowane gini da kowace rijiya da ke cikinsa an ɗauke su an adana. Amma yau mai niyyar zuwa Daudawa sai ya yi tambaya tukuna, ya ji yadda hanya ta kwana.

Mai karatu ya san dalili. Shekaru ke nan 'yan bindiga suna addabar wannan yanki. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Funtuwa da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, har zuwa Disamba. Auduga shuka ce mai son a zauna da ita: a yi noma, a yi feshi sau da yawa, a yi tsinka hannu da hannu har sau biyu ko uku. Manomin da ke shiga gona yana waiwaye ba zai iya mata ba. Da yawa sun koma masara da waken suya, wasu sun bar gonakin nesa gaba ɗaya. Raguwar kwanakin aiki a gidan gurza na Funtuwa daga nan ta faro.

Wannan hali ya sauya ma'anar kyamara ita kanta. A dā mai hoto baƙon alheri ne a ƙauye, yara su bi shi, mata su sa kayan sallah. Yau baƙon da ya ɗaga waya yana ɗaukar kasuwa ko mashigar gari ko gidan mai hali, tambayar farko da za ta zo zuciyar mutane ita ce wa ya aiko shi. Kalmar infoma ta shiga bakin kowa, kuma ta ci rayuka. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka duk inda na je, gidan mai gari nake fara sauka, in faɗi sunana da na mahaifina da inda nake koyarwa, a haɗa ni da ɗan gari. Ba na ɗaukar hanyoyin shiga gari, ba na ɗaukar 'yan sintiri, ba na ɗaukar shanun kowa ko rumbunsa. A wani ƙauye a ƙasar Sabuwa an nuna mini dandalin da fuloti yake a dā, ƙarƙashin wasu manyan itatuwa, da ɗan dakalin siminti inda ake aza sikeli. Mai unguwa ya yarda in ɗauki dakalin, ya roƙe ni kada in sa sunan garin a ko'ina. Na cika masa alkawari, ga shi ma ban faɗa a nan ba. Amma malamin tarihi ya san abin da wannan yake nufi: hoton da ba shi da sunan wuri maraya ne, bayan shekara 50 babu mai iya cewa ga inda yake.

Ƙanƙara ce ta fi ba ni takaici. A rubuta sunanta a intanet a ga abin da zai fito. Daren 11 ga Disamban 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta garin, ranar 17 ga wata aka sako 344, duniya ta ga hotunansu a Katsina, ƙafa babu takalmi, fuska duk ƙura. Waɗannan hotuna gaskiya ne, kuma wajibi ne a adana su. Sai dai su kaɗai ne duniya ta mallaka. Ƙasar Sarkin Pauwa, mai tsohon tarihi a daular Katsina, mai duwatsu da farar ƙasar da masana'antun fenti da magani da tangaran suke nema, har aka taɓa kafa mata masana'anta a garin, mai kasuwa da masu tsinkar auduga da maƙera, duk an taƙaita ta a mako guda na baƙin ciki. Yaron da aka haifa a Ƙanƙara a 2020, in ya girma ya nemi surar garinsu a shekarar haihuwarsa, abin da zai samu ke nan. Manema labarai suna zuwa ne ranar da aka yi ɓarna, wannan aikinsu ne. Ranakun da ba a yi kome ba, ranar da aka ci kasuwa lafiya aka watse, ba su da mai ɗauka.

Wasu ƙasashe sun riga mu gane wannan. A Jamus, wani mutum da matarsa, Bernd da Hilla Becher, sun shafe fiye da shekara 40 tun daga 1959 suna bin ma'adinai da masana'antun ƙarfe da ake shirin rushewa, suna ɗaukar tankunan ruwa da hasumiyoyi ɗaya bayan ɗaya, daga gaba, cikin haske marar inuwa, ba ado ba ƙawa. Da yawa daga abin da suka ɗauka an rushe, hotunan ne suka rage. Mahaƙar kwal ta Zollverein a birnin Essen, da ta daina aiki a 1986, yau tana cikin wuraren tarihi na duniya da UNESCO ta amince da su tun 2001. A gida Nijeriya ma, J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya tara kusan dubu, saboda ya hango salon zai ɓace. Abin da ya haɗa su shi ne naci da tsari: abu ɗaya, hanya ɗaya, shekara da shekaru, kowane hoto da kwanan wata da sunan wuri. Ban ce a kwaikwayi Becher ido rufe ba. Su sun cire mutane daga hotunansu da gangan, amma Jamus tana da wasu rumbunan da suka adana labarin ma'aikata. Mu in muka cire mutum, babu inda za a same shi.

Shi ya sa na fi ɓata lokaci a zaure fiye da bakin masana'anta. Tsofaffin ma'aikata suna da taska a ƙarƙashin gado: katin shaidar aiki mai ɗan hoto baƙi da fari, takardar sallama, hoton rukuni ranar da wani Bature zai koma gida, rasiɗin fuloti da ya yi ja. Nakan ɗauki hoton hoton, in rubuta sunayen waɗanda ke ciki tun mai shi yana iya tunawa, domin in ya rasu magada gado suke rabawa, takarda kuwa ta bi shara ko ta zama ƙunshin ƙosai. Haka tsofaffin masu ɗakin hoto na Sabon Gari. Duk ango da amarya, duk sabon ma'aikacin da ya karɓi albashin farko ya ɗinka riga, ta gabansu ya wuce. Wayar hannu ta kashe sana'arsu, fina-finan da suka tara zafi da gara suna ci. Wani ya buɗe mini kwali, muka ɗaga ɗaya a hasken taga, sai ga samari biyar sanye da kayan aiki, kowa ya dafa sabon kekensa. Bai tuna ko ɗaya daga cikinsu ba.

Muna da wuraren da ya kamata su karɓi wannan aiki: Gidan Arewa da ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Katsina, sassan tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Dutsinma da ta Ahmadu Bello. Kuma muna da abin da Becher ba su da shi. A kowane aji da nake shiga akwai ɗan Faskari ko ɗan Sabuwa ko 'yar Ƙanƙara, da waya mai kyamara a aljihu. Su ba baƙi ba ne, babu mai tambayar wa ya aiko su, sun san abin da za a ɗauka da abin da ɗaukarsa zai jawo wa gari masifa. Maimakon a ce kowane ɗalibi ya sake rubuta tarihin kafuwar garinsu daga bakin mutum uku, a ba shi aikin hoto 20: tsohon fuloti, garmar kakansa, hannun mai tsinka, rumbun da aka daina zubawa. Kowane hoto da ranarsa, da sunan wanda ya yi bayani, da abin da ya ce. Sunan wurin da ake tsoron bayyanawa a rubuta shi a rufe a ma'adana, a buɗe ranar da ƙura ta lafa.

Na gwada da ɗalibai shida a zangon da ya wuce. Wata daga ƙasar Faskari ta kawo hoton kakarta tana kaɗi, mazari yana juyawa a kan 'yar tasa, alli a yatsunta. Tsohuwar ta ce a duk unguwarsu su biyu suka rage masu yi, kuma audugar ma yanzu a kasuwa take saye, domin gonar da suke tsinkowa tana bayan dutse, shekara huɗu ke nan babu wanda ya taka ta.